Inna, Lasisina Ya Koma Kebbi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Kulu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa da ladabi, irin wadda na saba durƙusawa in yi miki a bakin ɗakinki. Na san takarda ba ta isa inda kike, kuma ko da kina raye sai dai a karanta miki. Amma akwai labarin da ke ya kamata ki fara ji, shi ya sa na zauna rubutu. Masu karantawa su yi mini haƙuri, da uwata nake magana.

Inna, na sabunta lasisin tuƙina a nan Birnin Kebbi. Yanzu ba sunan Zamfara ke samansa ba.

Kin fi kowa sanin abin da ya sa na koyi mota. Ranar kasuwar Bukkuyum ce naƙuda ta taso wa ƙanwata Hauwa'u a gidan mijinta, tun kafin lokacin da za ta zo gida goyon ciki. Aka bugo mana waya a Gummi cewa jini ya ɓalle mata. Motar maigidana, Malam Bashiru, tana tsaye a ƙofar gida, shi kuma ya tafi Gusau a motar wurin aikinsu. Muka ruga tasha, motoci duk sun tafi cin kasuwa. Kafin mu samu wadda za ta kai mu, mu ɗauko ta, mu dawo asibitin Gummi, rana ta yi sanyi. Hauwa'u ta tsira da ƙyar. Jaririn bai zo da rai ba.

Ba ki yi kuka a gaban mutane ba. Sai bayan an watse kika same ni a tsakar gida, kika ce: "Mota na tsaye, makulli na rataye, mu kau muna kallo. Ke da kinka yi boko, har kina aikin asibiti, mi ad da wuya? Ƙarhe na. Ki koya."

Ke kika je da kanki kika yi wa Malam magana, duk da kunyar da ke tsakaninku. Daga bayan ƙofa kika yi masa bayani, shi yana zaure kansa a sunkuye.

A filin makarantar firamare ya koya mini, bayan la'asar. In saki kuloci da sauri mota ta yi tsalle ta mutu, in sake tayarwa ta sake mutuwa. Mata suna leƙe ta kan danga. Har wajen biki ana cewa 'yar Kulu ta zama direba, saura ta fara lodi a tasha. Da maganar ta zo kunnenki, cewa kika yi: "A bar su. Ran da ta kama su, sun san gidan da za su ƙwanƙwasa." Sun kuwa ƙwanƙwasa, Inna, ba sau ɗaya ba.

Ina tuna tafiyarmu ta farko mai nisa, da muka je Anka ta'aziyya. Kika ƙi zama baya, kika ce gaba za ki zauna ki ga abin da nake yi. Carbi na hannunki, ƙafarki kuwa sai danna ƙasan mota take yi kamar ke ma kina da birki. Duk inda shanun Fulani suka tare hanya sai ki dafa hannuna ki ce, "Sannu-sannu, dukiyar mutane ta." Da muka isa lafiya kika sauka, kika gyara mayafi, kika shige gidan makoki.

Lokacin da na je Gusau yin lasin, suka tambayi adireshi. Gidan da muke ciki da Malam na haya ne, don haka na ba da naki: bayan masallacin unguwa, gidan da ake turara shinkafa. Suka tambayi lambar wanda za a kira in wani abu ya same ni a hanya. Ban yi tunani ba na karanto taki. Malam ya yi dariya da ya gani, ya ce ai ya san matsayinsa.

Da na kawo miki katin, kika juya shi gaba da baya, kika ce hoton bai yi kyau ba, kika miƙo mini. Ni ce 'yar fari, ko sunana ba kya faɗi, balle ki yabe ni a gabana. Sai daga baya maƙwabciyarki Iya Tumba ta tsegunta mini cewa kin gaya wa duk matan da ke kawo miki shinkafa wai lambarki na jikin takardar gwamnati.

To, Inna, bayan rasuwarki abubuwa sun bi juna da sauri. Damina ta zo da ƙarfi, ruwa ya shigo unguwa ya ci ɗakinki da rumfar da kike aiki. Yanzu fili ne, sai ciyawa. Hanyar Anka da muka bi muna hira ta zama sai an yi tambaya kafin a hau ta. Aka yi wa Malam sauyin wurin aiki zuwa Birnin Kebbi, ni ma na samu gurbi a wani ƙaramin asibiti, muka kwashe yara muka taho.

Na zo da jikina, amma ban zauna ba. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce ai na ɗan lokaci ne.

A nan lasin ya ƙare. Malam ya ce abu mai sauƙi, lasin ƙasa ɗaya ne, ofishinsu na nan cikin gari, in je su sabunta su sa sabon adireshi. Na ce a'a, Gusau zan je. Ya dube ni ya ce, ta wace hanya? Na ce zan zagaya ta Sakkwato. Ya ce, ki yi wannan doguwar tafiya don kati? Ban iya gaya masa ba cewa katin nan shi kaɗai ya rage a duniya da ke cewa gidanki na nan, kuma in an kira ki za ki ɗauka.

Sai na ajiye mota. Na lulluɓe ta, na koma hawa keke mai ƙafa uku zuwa aiki. Watanni suka wuce a haka. Malam ya daina magana, ya gane ba maganar lasin ba ce.

Wata ranar Asabar da hantsi ina wanki, maƙwabciyata Zara'u ta faɗo gidan ba sallama, ɗanta a kafaɗa yana sanƙarewa, idanunsa sun juye. Mijinta ya tafi ƙauye, Malam ma ba ya gida. Ta ce, "An ce ke malamar asibiti ce, an ce kina da mota." Ban san lokacin da na yaye lulluɓin ba. Batir ya yi sanyi saboda zama, sai da maza masu wucewa suka tura mu. Ina tuƙi ina jin numfashin yaron, ina salati, ina kuma sane da cewa katin da ke jakata ya mutu. Da an tsayar da ni ba ni da bakin magana, kuma kowane tsaiko a kan yaron zai ƙare.

Allah Ya rufa asiri, muka isa. Zazzaɓi ne ya hau masa kai, suka shawo kansa, yanzu yana nan yana ƙiriniya. Amma da na dawo gida na daɗe a cikin mota ban fito ba. Na san abin da za ki ce da kin ga motar nan lulluɓe, batir a mace, ni da lafiyata.

Ranar Litinin na je ofishin lasin. Aka duba idona, na dangwala yatsu, aka ɗauki hoto. Jami'in, wani dattijo mai haƙuri, ya tambayi inda nake zaune. Na faɗi unguwa da layi ba tare da na tsaya tunani ba. Ashe bakina ya riga ya saba da su. Sai ya nuna tsohuwar lambar wayar, wato taki, ya ce, wannan tana aiki? Na ce ya ba ni minti kaɗan.

Na fita waje na kira. Hauwa'u ce ta riƙe wayarki da layin. Sai da na yi ta gwadawa kafin ta shiga. Na gaya mata ina so in bar lambar yadda take, tunda a hannunta take. Sai ta ce: "Yaya, sa ta Malam. Nan Bukkuyum sabis bai zama. In wani abu ya same ki, so kike a yi ta kiran wayar da ba ta shiga? Inna ba ta cikin wayar ga. Ni ma na daɗe ina dubawa."

Muka yi kuka, ni a gindin wata bishiya a harabar ofis, ita a can Bukkuyum. Sannan ta ce in share fuskata kar a sake ɗaukar hoton ya fi na farko muni. Na koma ciki na karanta wa dattijon lambar Malam. Ya buga, ya ba ni takardar wucin gadi, ya ce katin zai fito daga baya.

Ya fito makon jiya. Kebbi ce a sama, da sunan layinmu.

Akwai wani buhu da na zo da shi daga Gummi, yana bayan ƙofa tun ranar da muka sauka, ban taɓa kwance shi ba. Tukunyarki ce a ciki, da faifanki, da ƙoshiyar da bakinta ya cinye. Ranar da na karɓo katin na kwance shi. Na wanke tukunyar, na yi tuwon shinkafa da miyar kuka, na aika wa Zara'u da sauran maƙwabta. Wata tsohuwa ta aiko a tambaye ni ko baƙi muka yi. Na ce a gaya mata a'a, mu ne muka tare.

Inna, ban bar Gummi ba, kin sani. Kabarinki na can, Hauwa'u na kusa da ke, kuma in hanya ta yi kyau zan zo da jikokinki mu yi miki addu'a. Amma a nan nake yanzu, kuma na daina jin kunyar faɗa miki.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata makwancinki, Ya sanyaya miki kamar yadda kika sanyaya mana. Allah Ya kawo zaman lafiya a ƙasarmu, Ya buɗe hanyoyinta, Ya tsare duk wanda ya hau su. Ya sada mu a gidan da ba a tashi.

Wassalam.

Ɗiyarki,
Saratu