Ɗinkin Bidi ya buɗe

Yaya,

Na tafi aiki kafin ka dawo, kuma gara da ba mu haɗu ba.

Da safe na shiga barga zan ba dokinmu Bidi magani, na tarar bandejin cikinsa ya jiƙe da jini, ga busasshen gumi a bayansa. Mai shagon bakin layi ya ce jiya ya ga abokinka direba a kan dokin yana sukuwa, kai kuma kana tsaye kana dariya. Kwana goma sha biyu kacal da aka farka masa ciki aka warware hanjin da ya murɗe! A gabanka likita ya ce wata uku ba hawa. Ka dube ni ka ce, "Je ki aikinki, zan kula da shi yadda marigayi Baba yake yi." Na yarda da kai. Jiya ma da na tambaye ka, cewa ka yi ko ƙofa bai leƙa ba.

Likita ya zo. Ɗinkin ya buɗe wuri biyu, ya sake ɗinkewa. Ya ce in wurin ya ruɓe, ba lallai Bidi ya tashi ba. Ya tambaye ni wa ya bari aka hau shi, na kasa cewa yayana ne.

Da azahar ka ba shi ruwa da ɗanyar ciyawa kaɗan, ban da hatsi. In ya fara birgima, likita za ka kira, ba ni ba.

Sirdi da linzami na tafi da su.

Ƙanwarka