Ƙasar Da Direba Ya Haɗa Da Hannunsa

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka da yara. Mu ma lafiya lau, in ka cire rigimar Baba.

Likita ya duba shi. Yanar ta gama rufe idon hagu, ta ci rabin na dama. Ya ce aikin mai sauƙi ne, amma sai hawan jininsa ya sauka, kuma in aka yi sakaci na daman ma zai tafi. Baba kuwa ya kafe sai ya koma gida kafin ruwa ya sauka, da ido ko babu ido. Don Allah in ya kira ka kada ka ce masa to. Na san ka, ba ka iya yi masa musu.

Ƙasar nan ce ba ta yi masa ba. Na gaya masa jirgin ƙasa yana ratsa ta daga wannan iyaka zuwa waccan tsakanin karin kumallo da abincin rana, ya yi dariya har da tari. Wai a wajenmu mutum ya kwana biyu a mota bai fita daga ƙasa ba, su kuwa nan in ka yi atishawa sai maƙwabtan ƙasa su amsa. Na nuna masa taswira na ce tamu za ta haɗiye irin wannan da yawa, ya ce shi ya sa numfashinsa ba ya fita sosai. Ya tambaye ni ina dajinsu, na ce babu, ko'ina da mai shi. Ina suke kiwo? Na ce shanun suna ɗaure, ciyawa ake kai musu. Sai ya ce Allah ya jiƙan shanu.

Ni dai tsoro nake ji, Yaya. Ba ya cin abincin kirki, wuni yake a bakin taga.

Baba ya ce ka gaya wa matarka ta gaishe masa da yara.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Ina gaisuwa, da fatan zafin cikin ƙaramin naka ya sauka. Zauna kafin ka karanta wannan, Baba ya yi mana aiki.

Bayan benenmu akwai wani siririn fili tsakanin katanga da shingen layin dogo, faɗinsa bai fi tabarma biyu ba. Wani tsoho da ke ƙasanmu yake noma shi, a da can direban bas ne, Baba na kiransa Direba. In ka ga wurin sai ka riƙe baki. Wake na hawa shinge, albasa a gindin tumatir, kabeji a cikin tsofaffin bokitai, ko inda za ka ajiye ƙafa sai ka duba. Kuma ba shi kaɗai ba ne, haka mutanen nan suke. Rufin gida, gefen titi, bayan makaranta, duk shuka ce. Ƙasar da Baba ke wa dariya tana cin kayan lambu ta ƙoshi har ta sayar wa wasu.

To, ina wurin aiki Baba ya lallaɓa da sandarsa ya shiga wurin. Ya laluba ya ji tulin ganye da ɓawo da kara a kusurwa, ya ce a ransa tsohon nan ƙarfi ne ba shi da shi. Ka san yadda muke yi a gida: a tara, a sa wuta, toka ta zama taki, in gona ta gaji a matsa gaba. Sai ya ƙyasta ashana, wai taimako.

Na dawo na tarar da hayaƙi, Direba na zaune a kan bokiti ya zuba wa tokar ido. Na zaci zai yi faɗa, don tun bara yake tara tulin nan yana juya shi. Bai ɗaga murya ba. Ya kama hannun Baba ya dafa masa gindin shinge, tsakuwa ce zalla. Sannan ya nutsa masa hannun cikin kunyar albasa har wuyan hannu, baƙar ƙasa mai laushi. Ya sa na fassara: ranar da aka ba shi wurin duk tsakuwa ne, ƙasar nan kaf daga irin tulin nan ya yi ta. Baba ya ce a gaya masa ya bar wurin ya huta ya nemi wani. Direba ya tambaya, a ina?

Yaya, sai Baba ya durƙusa a bakin kunyar. Ya daɗe yana murza ƙasar yana shinshinawa. Da muka hau sama ya ce shi duk rayuwarsa tarar da ƙasa yake yi, bai taɓa jin mutumin da ya yi ta da hannunsa ba. Ni ma mutumin ya cika min ido ƙwarai.

A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Na samu saƙonka cewa ruwa ya sauka, Allah ya sa damina mai albarka ce.

An yi aikin, kuma ya yi kyau, duka idanun biyu. Ba ni na riƙe shi ba. Shi ya ce ba zai ƙone wa mutum ƙasa ya hau jirgi ba, sai ya mayar da tulin yadda ya same shi. Kullum da safe yana bin ƙofofin maƙwabta da bokiti yana karɓar ɓawo, ni kuma ba a barina in zubar da ko ganyen shayi. Shi da Direba ba sa jin yaren juna, amma wuni suke suna gardama da hannu. Da yawon nan da cin abinci jinin ya sauka da kansa.

Ranar da aka cire masa bandeji na tsaya a gabansa da sabon mayafi, ina jiran ya yaba. Ya dube ni ya ce na rame, ya ce a kai shi bayan gida. Ya tsaya a bakin filin ya dube shi daga farko har ƙarshe, ya ce dama iyakarsa ke nan? Shi da hannu ya ɗauka ya ninka haka. Na ga yana goge ido, na tuna masa likita ya hana taɓawa.

Ga saƙonsa gare ka. Ya ce dajin da za ka sare bana ka dakata, tsohuwar gonar da muka bari ba mutuwa ta yi ba, yunwa take ji. Na tambaye shi yaushe zan sayi tikiti, ya ce tulin bai nuna ba tukuna, kuma kayan aikin Direba duk na wasan yara ne. Ka nemi mai zuwa ka aiko masa da fartanyarsa, mai gajeriyar ƙotar nan.

Allah ya bar zumunci, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Auta