Awa Goma Sha Huɗu a Sama

Zuwa ga ɗana Injiniya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da aiki. Mu nan sai godiya.

Ƙanwarka ta ce ta kira ka tana kuka, har ka fara neman hutu. Ka zauna inda kake. Mahaifiyarka tana ɗaki na huɗu a asibiti, gadon bakin taga, kuma ni ne tsaye a kanta. Likita ya ce da sauran lokaci. Ba na son ka zo ka zauna a benci kana kallon ƙarin ruwa, mutane su ce na kasa.

Jiya na shiga ofishin masu sayar da tikiti da kaina, na sa mutumin ya rubuta mini. Daga filin jirginku zuwa namu kilomita dubu goma sha ɗaya ne, awa goma sha huɗu a sama. Wannan har tafiya ce? Ni da na yi shekara ashirin ina kwana uku a kan sitiyari kafin na mallaki tirelata ta farko. In na kira ka da safe, gobe war haka kana nan. Ka bar mini lissafin hanya, sana'ata ce.

Ka gaida matarka da jikokina.

Mahaifinka,
Mai Tirela

Zuwa ga ɗana,

Ina gaishe ka, da fatan ka koma lafiya, tunda ba ka ga dama ka sanar da ni ba. Ya ƙarin haƙuri?

Kwana biyar ka yi a gidana ba ka haɗa ido da ni ba. Ƙanwarka ka yi wa sallama, ni sai ƙarar ƙofa na ji.

To, ina zan san jirgin nan sau biyu yake tashi a mako? A tasha in mota ba ta cika ba, sai ka biya kujerun a tashi. Ba wanda ya ce mini sai ka jira kujera, ka kuma sauka a wata ƙasa ka yi awa tara a zaune. Na kira ka Laraba, mahaifiyarka ta cika Alhamis, ka iso Lahadi. Na koma ofishin nan na zazzage mutumin, ya ce abin da na tambaya shi ya amsa.

Kai kuma mai ilimin fa? Sau nawa ka bi hanyar nan? Ka karanta wasiƙata, ka ga lissafin a karkace, ka yi shiru. Tun kana ƙarami kake yi mini gardama a kan komai, sai ranar da ya kamata ka ƙi maganata ka zama mai biyayya.

Akwai abin da ko ƙanwarka ba ta sani ba. Ranar Litinin mahaifiyarka ta buɗe ido ta tambaye ka. Na ce mata kana cikin jirgi. Ta sa na gyara mata ɗankwali, ta juya fuska wajen ƙofa. A lokacin ban ma kira ka ba.

Ka amsa ko kada ka amsa, na dai faɗa maka.

Mahaifinka,
Mai Tirela