Abin Zamiyar da Yayana Ya Ƙera Ya Ƙona 'Yata

Anti mai shawara, don Allah ki taimake ni kafin ranar Asabar, don kaina ya ɗau zafi.

Ina cikin kwamitin iyaye na makarantar firamaren da 'yata Auta take, aji uku, shekararta takwas. Filin makarantar ba komai a ciki sai ƙasa da bishiya ɗaya, shi ne muka yanke shawarar a saka wa yara kayan wasa. Ni na kawo sunan yayana, mai walda ne. Anti, wannan yayan shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, da aikin waldar nan ya sa ni a makaranta, shi ya aurar da ni. Da na gaya masa, ya ce shi zai ƙera abin zamiya kyauta saboda Auta. Sati uku yana kansa. Ya yi shi dogo da farantin ƙarfe, ya goge yana ƙyalli, ya kafa a tsakiyar fili don kowa ya gani daga bakin ƙofa. Ranar da aka kafa, da sassafe muka taru, ya shafa shi da hannu daga sama har ƙasa, muka tafa masa. Har yau duk wanda ya shiga shagonsa sai ya nuna masa hoton.

Shekaranjiya ina shafa wa Auta mai na ga bayan cinyoyinta sun yi ja, wuri ɗaya har ya tashi ya yi ruwa. Da ƙyar ta faɗa mini. Ashe ƙarfe sha ɗaya da rabi ake fita hutu, lokacin rana ta gama dukan ƙarfen. Sauran yaran tuni suka gano, sun koma hawan bishiya. Ita kaɗai take hawa kullum, wai don kada a ce ba a son abin Kawunta. Ta roƙe ni kada na gaya masa. Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata.

Ga shi ranar Asabar kwamiti zai zauna a ba shi sauran aikin: lilo biyu da abin juyawa, duk na ƙarfe, kuma shugabanmu yana so a malale ƙasan da siminti don wurin ya yi tsaf. Na rantse ba zan sa hannu ba. Wannan na riga na yanke, ko da ni kaɗai zan tsaya. Amma idan na miƙe a gaban mutane na ce aikin yayana ya ƙona yarinya, na watsa masa ƙasa a ido. Mutum ne mai zuciya, ya taɓa yin wata biyu bai taka gidana ba a kan maganar da ba ta kai wannan ba. Maigidana ya ce na yi shiru na sa wa yarinyar dogon wando. To 'ya'yan mutane fa? Yaya zan yi?

Ƙanwar mai walda

Ƙanwata,

Sannu, Allah Ya ba Auta lafiya. Ki fara kai ta asibiti a duba wurin da ya yi ruwa, kada ki fasa shi. Matsayarki daidai ce, kada ki janye. Dogon wando ba magani ba ne, ki faɗa wa maigidan haka cikin ladabi.

Amma ki yi wa yayanki adalci. Ba ganganci ya yi ba. Mutumin da ya shekara ashirin yana ɗaukar ƙarfe mai zafi, tafin hannunsa ya yi kanta, abin da zai sa yaro ihu shi ɗumi zai ji. Kuma laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Dukanku da sassafe kuke zuwa ajiye yara, da rana ta yi sanyi kuke zama taro. A cikinku wa ya taɓa tsayawa a filin nan lokacin hutu?

Saboda haka kada maganar ta fara fita a taro. Yau ki sanar da shugaban makaranta a kewaye abin zamiyar da igiya. Gobe ki je shagon Yaya da kanki, ki gaya masa gaskiya, har da dalilin da ya sa Auta ta yi shiru. Sannan ki roƙe shi ya raka ki makarantar da sha ɗaya da rabi. Bai kamata ya ji labarin nan daga bakin wani ba.

Gyara kuwa aikinsa ne. A mayar da abin cikin inuwa ko a yi masa rumfa, a rage tsawonsa, in da hali a canza farantin da roba mai kauri. Siminti ki ƙi shi ƙememe, yashi mai zurfi ake zubawa, don yara sai sun faɗo. Lilo a kafa shi gefe, nesa da inda ake guje-guje, mazauninsa na tayar mota ko roba. A duba kada a bar ƙusa a waje, ko ratar da kai ko yatsa zai maƙale. Sannan ku tambayi yaran. Komawarsu bishiya ta riga ta gaya muku cewa 'yan shekara shida zuwa sha biyu hawa da lilo da hannu suke so, kuma sandunan hawa a inuwa babu wanda zai ƙera su kamar yayanki. Ku shiga taron Asabar tare, shi ya kawo shawarar da bakinsa.

Wataƙila ya yi fushi. Ki jure, fushin wata biyu ya fi sauƙi a kan tabo a jikin ɗan wani. Auta kuma ki zaunar da ita ki gaya mata ba da ƙuna ake nuna wa Kawu ƙauna ba.

Idan kun isa gaban abin zamiyar, kada ki yi dogon bayani, kuma kada ki bari ya gwada da tafi. Ki ce ya naɗe hannun riga ya ɗora cikin damtsensa a kan farantin, inda fatarsa ta yi kama da ta Auta. Allah Ya ƙara muku zumunci.

Anti