Sunan da Ke Jikin Buhu

Bungudu, Talata

Ƙanena Ashiru,

Bayan gaisuwa mai yawa. An buga sunan Kamilu na Tsafe a jikin buhunan shagonka, har da hotonsa. Jiya na gani da idona a kasuwar Gusau. Na kuma ga sabon allonka, KOMEYA. Wata uku ka yi a Japan wajen kwas ɗin noma, ka dawo ba ka iya cewa shagon shinkafa ba.

Tun kana makaranta nake noma fadamar Baba, kuma da shinkafata ka buɗe shagon. Yanzu mata na tambayar "ta Kamilu". Ni ko a ƙyallen ɗaure buhu ban ga sunana ba.

A gai da Wasila da yara.

Yayanka, Arzika

Gusau, Alhamis

Yaya Arzika,

Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Komeya a yaren Japan ma'anarta shagon ɗanyar shinkafa. Ɗanya suna ce mata "kome", dafaffiya kuma "gohan". Allon ado ne kawai.

Batun buhu daban ne. A can na ga shagunan da ke rubuta sunan manomi, don wanda ya tauna tsakuwa ya san wurin wa zai kai ƙara. Kai na fara tuntuɓa, da sharaɗin ka daina shanya a bakin kwalta. Ka ce Baba bai taɓa shanya a tamfol ba, kuma ba za a buga ka a buhu kamar siminti ba. Kamilu ya yarda.

Taka ta fi tasa ƙamshi, kowa ya sani. Amma sau biyu ana dawo mini da ita saboda tsakuwa, na kuwa ɓoye maka.

Allah Ya bar zumunci.

Ashiru

Bungudu, Lahadi

Ashiru,

Sallama. Kamilun da ni na koya masa dashe.

Na sayi tamfol. Maƙwabta sun yi dariya, na ƙyale su. Ga buhu ɗaya nan a motar Khalid direba, ka zazzage shi gaban kowa. In ka tsinci tsakuwa, ka bar maganar. In ba ka tsinta ba, a rubuta Arzika Bungudu, kuma hotona ya fi na Kamilu girma.

A tashar mota an ce ka ba da sunansa cikin waɗanda za su Japan baɗi. Ban tabbatar ba tukuna.

Ka huta lafiya.

Arzika