A Sa Sunana Cikin Manoman Yasore

Yaya Sagiru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Inna da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah Ya ƙara sauƙi.

Ni lafiya lau nake a Aljeriya. Ka san ba wanda ya riƙe hannuna. Ni na ƙetare hamada, ni na koya wa kaina gini, yau mutum shida ke aiki a ƙarƙashina. Abinci ne dai ba ya shiga sosai, kuma in na ga hadari sai hannuna ya tsaya, in yi ta tuna geronmu da ya ƙone damina biyu a jere. Ba komai ba ne, kada Inna ta ji.

Matata Hansatu ta ce wata likitar damuwa tana zuwa Batsari, tana tara manoman da fari ya karya. Wai ta ce wannan ƙuncin ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne. Wai abin da ya sami gari duka, tare ake maganarsa. Ni tuni na gano haka da kaina.

To don me da aka zo rubuta sunayen 'yan garinmu Yasore don zama da likitar ka ce a bar ni, wai na samu? Yaya, ruwan da ya ɗauke muku shi ya koro ni nan. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amma ka koma a rubuta: Alu Jinjiri, manomi. Ranar zaman ka kira ni, ka aje wayar a kan tabarma, daidai inda zan zauna.

Ƙanenka,
Alu