Haƙoran Roba da Kujera ta Biyu

Litinin, 3 ga Maris
Jami'a ta rubuto. Za a raɗa wa zauren kiɗa sunana ranar 12 ga Afrilu, suna kuma roƙon in busa ƙaho a bikin. Shekara arba'in da ɗaya na koyar a can, sai yanzu suka farga. Na amsa musu cikin layi biyu.

Alhamis, 6 ga Maris
An sa mini haƙoran roba. Likitan ya ce, "Kaka, har masara za ki gaigaya." Na sanar da shi cewa ni ba kakarsa ba ce, kuma ba don masara nake ajiye haƙora ba.

Juma'a, 7 ga Maris
Na ɗora ƙaho a leɓe. Abin da ya fito bai cancanci rubutu ba. Maƙwabciyata, Misis Dunleavy, ta ƙwanƙwasa ƙofa, wai ko bututun ruwana ne ya toshe.

Laraba, 19 ga Maris
Sautin sama ya ƙi. Da na matsa, haƙoran suka fice. Ƙarƙashin fiyano na tsince su. Kyanwa kaɗai ta gani.

Asabar, 22 ga Maris
Wendell Szabo ya zo ba gayyata. Ɗalibina ne a da, sau biyu na kayar da shi jarrabawa; yanzu shi ne shugaban sashe, ga sanƙo ga tumbi. Ashe ya daɗe a bakin ƙofa yana saurare.
"Farfesa, leɓen ne bai saba da baƙin haƙoran ba. Sai an koma farko: sauti ɗaya, dogo, minti ashirin kullum."
"Kai, Wendell! Ni za ka koya wa? Wa ya koya maka?"
"Ke mana. Har kuka kika sa ni."
Na ce ya gaida gida.

Lahadi, 23 ga Maris
Minti ashirin. Don in tabbatar da kuskurensa kawai.

Talata, 8 ga Afrilu
Sautukan tsakiya sun dawo, na sama shiru. Wendell ya ce mu busa tare, shi muryar sama, ni ta ƙasa. Tun ina da shekara goma sha tara ban zauna kujera ta biyu, ta mai busa muryar ƙasa, ba, har a zamanin da maza suke rantsuwa cewa mace ba ta da huhun ƙaho. Amma ko wannan, ko in bi haƙorana da gudu a gaban mutum ɗari huɗu.

Asabar, 12 ga Afrilu
An yi. Na busa ta ƙasa. Ashe daga can ana jin kiɗan gaba ɗayansa, ba naka kaɗai ba. Wendell ya yi gaggawar shiga sau ɗaya. Na daure har muka isa mota kafin in faɗa masa.
Zai zo Talata mu ƙara busawa. Ya tambaya ko zan karɓi kujerata ta farko. Na ce ya riƙe ta tukuna. Ta cika kusa da taga, ni kuwa iska tana damuna.